Kada a Goge Na'urar Hadiza

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Cibiyar Taimakon Masu Sikila, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da 'yan kwamiti, ranka shi daɗe, ni ce Asabe ta Ƙofar Dundaye, mahaifiyar marigayiya Hadiza wadda ta rubuta muku manhajar kiran masu ba da jini. Sau uku na zo ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuta a fili. Karatuna na ajin manya ne, a yi haƙuri da hannuna.

Na ji an yanke shawara ranar Juma'a mai zuwa za a goge duk abin da ke cikin tsohuwar kwamfutar Hadiza da ke ofishinku, a ba sakatariya ta riƙa buga takardu da ita. A kan wannan nake kuka.

Na ɗaya. Hadiza ta yi aikin nan ne saboda ɗiyarta Ummi, wadda yanzu take hannuna. Shekararta tara, tana da sikila, jininta kuma irin wanda ake wahalar samu ne, O negetif. Shekara huɗu manhajar tana aiki. In an kwantar da yaro, ma'aikaciya ta shigar da irin jininsa, saƙo ya tafi wayar waɗanda suka dace. Ban taɓa jin ta kira wanda bai dace ba.

Na biyu. Da Allah ya karɓi Hadiza bara cikin Sha'aban, kun ɗauko ɗan kwangila. Ya duba aikin ya ce yaren kwamfutar da ta rubuta shi da shi ba a samun masu shi a kasuwa. Ya ce kayan aikin yaren da wuyar sakawa a kwamfuta, in an yi kuskure bayanin da yake fitarwa ya fi kuskuren tsawo, kuma ba wanda zai tambaya a garin nan. Ban ce ya yi ƙarya ba. Ita ma Hadiza takan zauna a tsakar gida tana tsaki kan haka. Sai ya sake rubuta muku sabuwa da yaren da ya iya.

Ni ban san yaren kwamfuta ba, amma na san abin da ɗiyata ta faɗa mini. Ta ce irin waɗannan yarukan ana ce musu fankshinal, kuma asalinsu tsarana ne, an fara su gab da samun 'yancin kai. Takan tsokane ni da cewa duk mu biyun, ni da yaren nata, tsofaffi ne masu taurin kai. Ta ce kowane yanki na aikin kamar injin niƙa yake, ka zuba gero ya ba ka garin gero, yau da gobe da jibi, ba ya miƙa hannu ya taɓa kwaryar wani. Ta ce yadda ta gina shi, abin da aka rubuta ba a kankare shi, sai dai a ƙara sabo a gefensa, tsohon yana nan. Kuma akwai mai gadi a cikinsa da ba ya barin aiki ya tashi sai ka faɗi abin da za a yi a kowane hali, har halin da ba ka so ya faru.

Na uku, shi ne abin da ya hana ni barci. A unguwarmu akwai Garba Umaru biyu, ɗaya majemi, ɗaya mai goro. Majemin ne mai jini irin na Ummi, sau biyar yana ba ta. Da mai goron ya yi rajista a sabuwar manhaja, sai ta ɗauke su mutum ɗaya, ta kankare lambar majemi ta ɗora ta mai goro. Ranar Talatar makon jiya da hantsi ciwo ya kama Ummi, idonta ya yi fari fat. Aka tura saƙo. Mai goro ya rufe tebur ya zo da gudu, Allah shi saka masa, aka gwada jininsa bai yi ba. Aka koma neman lambar majemi, babu ita. Ni na fita da ƙafafun nan nawa, daga majema zuwa gidan ƙanwarsa, har na same shi a masallaci bayan la'asar. Da muka iso yarinyar ba ta gane ni. Likita ya ce saura kaɗan.

Majemi nawa aka kankare haka, ranka shi daɗe? Ba wanda ya sani. Inda kawai sahihan sunaye da lambobi suka rage shi ne cikin kwamfutar da za a goge.

Na taɓa ganin irin wannan. Ina ƙarama, 'yan shekaru bayan 'yanci, mahaifina yana rubuta wa ɗakin shan magani sunayen yaran da aka yi wa lambar rigakafi, da ajami. Da sababbin akawu suka zo ba su iya karantawa ba, aka ce tsohon yayi ne, aka watsar da littattafan. Ba wanda ya ce a kira shi ya karanta musu, yana nan zaune a zaure, tafiyar minti kaɗan. Har ya rasu yana ambaton wannan.

Na huɗu. An ce ba mai iya yaren a Sakkwato. Akwai Malama Rabi, mai koyar da lissafi a wata sakandare a Wamakko. Shekara biyu tana zuwa gidanmu kowace Asabar Hadiza tana koya mata, ni nake dama musu fura. Ta kawo kanta ofishinku, aka tambaye ta takardar shaidar yaren, alhali ba inda ake bayar da ita a nan. Ita da bakinta ta ce mini mai lura yana iya yin aiki mai kyau da kowane yare, ba ta zo rigima da ɗan kwangila ba. A bar ta kawai ta kunna na'urar.

Don haka ina roƙo, don Allah don Annabi. A dakatar da gogewar ranar Juma'a. A ba Malama Rabi dama ta fitar da sunayen a gwada su da na sabuwar manhaja ɗaya bayan ɗaya. In kuma kun ga ta iya, a bar ta ta riƙe tsohuwar ta koya wa wasu, kamar yadda aka koya mata. In kwamfuta ce sakatariya ke buƙata, akwai ta Hadiza ta gida a cikin akwatina, ban iya buɗe ta ba tun rasuwarta. Ku zo ku ɗauka.

Damina ta kusa, kuma sanyin ruwan farko bai taɓa wuce Ummi ba tare da ya kwantar da ita ba. Na binne uwar. Ba ni da ƙafar da zan sake zagaya gari neman Garba.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi raya maka zuri'a, shi sa kada ka taɓa tsayawa bakin gadon ɗanka kana jiran jini.

Wassalam.

Asabe, kakar Ummi,
Ƙofar Dundaye, Sakkwato.