Inna, Na Kwaikwayi Yaya a Gaban Duniya

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Mairo ta Tudun Ƙofa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, 'yarki Rabi ce ke rubuto miki, autarki, wadda jama'a yanzu suka fi sani da sunan da ba a yanka mata rago da shi ba.

Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Masu karanta ta su ne mutanen da ke bibiyata a waya, kuma da yawansu dariya suka zo nema. Zan yi kamar ba sa nan, tunda dama sana'ata ke nan, yin kamar babu kyamara a gabana. Yaya Hajara ta ba ni izinin rubutawa da sharaɗi guda, wai kar in yi wa kaina kwalliya a ciki.

Kin san halina tun ina 'yar mitsitsiya. Baƙo ba ya fita gidanmu ba tare da na kwashe tafiyarsa da muryarsa ba. Matar nan mai shagon yadi a Sabon Gari, wadda Hausarta ke fitowa a karkace, sau nawa na yi miki ita a tsakar gida kina dariya har da riƙe ciki? Amma ranar da na kwaikwayi tsohon nan mai rawar hannu, ludayin da ke hannunki ne ya sauka a bayana. Kika ce, “Ki kwaikwayi mai lafiya, Rabi. Mai ciwo ba abin wasanki ba ne.” Na ji zafin ludayin. Maganar ce ba ta shige ni ba.

Da wannan baiwar na shiga fim, ba da son ranki ba, kodayake daga baya kin riƙa tara maƙwabta in an hasko ni, kina cewa ke dai sautin kawai kike saurare. Kin rasu ina 'yar rakiya a finafinai, mai kawo wa jaruma ruwa ta wuce. Yanzu kuwa, Inna, ko acaɓa ba na iya hawa a Keffi. Sai a tare hanya.

Abin da ya kai ni nan shi ne abin da nake so in gaya miki, kuma ina jin kunyarki ko da ƙasa ta rufe ki.

Yayar da kika bari ba ita ce ta yanzu ba. Ita ta yi jinyarki wata bakwai, ni ina yawon wuraren ɗaukar fim ina bugo waya. Bayan an kai ki, barci ya ƙaurace mata, ga wani tari da ya riƙe ta. Wata mai kawo mata ɗinki ta ba ta maganin tari, ta ce yana sa a runtsa. Tarin ya tafi cikin mako biyu. Maganin ya zauna.

A gorar zoɓo take juye shi, ta ajiye a gindin keken ɗinkinki, wanda ta gada. Mijinta Malam Sabo da asuba yake bin motar ma'aikata zuwa Abuja, sai magariba ya dawo a gajiye. Ko bai sani ba, ko bai so ya sani ba, ban tambaye shi ba. Ni kam na sani. Duk hutun da na zo, a ɗakin ɗinkinta nake yini.

Na ga yadda idonta ke yin nauyi wajen azahar. Na ga yadda take sosa girarta ta hagu da babban yatsa. Takan ɗauki zare ta lasa bakinsa, ta nufi kafar allura ta kuskure, ta sake ta kuskure, sai ta kwantar da kai a kan keken tana wata dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Allurar nan ta raina ni yau.” Sai in karɓa in zura mata zaren, mu ci gaba da hira. Na ce a raina ƙanwa ba ta yi wa yaya faɗa. Na ce zai wuce. Gaskiyar ita ce ba na son rigima, kuma hutuna gajere ne.

Sai aka ba ni rawar farko mai nauyi a wani fim mai dogon zango, matar aure mai shaye-shaye a ɓoye, sunanta Uwani. Kwana biyu ina yi darakta yana tsaki. Ina tangaɗi, ina lumshe ido, ina faɗuwa a kujera kamar yadda kowa ke yi. Ya ce wannan maye na yara ne, in ba zan iya ba akwai masu jira a waje.

Inna, ba wanda ya tilasta ni. Da bakina na ce a samo min keken ɗinki da gorar zoɓo.

Na zauna, na sosa girar hagu, na lasa zare, na kuskure sau biyu, na kwantar da kai, na faɗi maganar nan da muryar Yaya, har da yadda take jan ƙarshenta. Da aka tsayar da ɗauka, sai aka hau tafi. Na ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi ci min rai yanzu, na ji daɗi ƙwarai, har na kira Yaya a ranar na ce ta taya ni murna na samu shiga. Ta sa min albarka.

A lissafina, wa ya san wata tela a lungun Keffi? Kano ake kallo, Kaduna ake kallo. Na manta cewa Keffi ma akwai waya.

Mako guda da fitowar fim ɗin aka yanko wurin nan, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ya bazu. 'Yan mata suna kwaikwaya, samari suna ɗora masa kiɗa. Wanda motarsa ta ƙi tashi sai ya ce ta raina shi yau. Na wayi gari ni ce Uwani Mai Gora, kamfanoni suna nemana talla.

A wani biki a unguwar Liman Abaji, nan cikin Keffi, abin ya fashe. Mata suna zaune da anko, rabinsa ɗinkin Yaya ne, aka kunna bidiyon ana shewa. Wata ta ce ita fa ta san wannan maganar. Wata ta ce ai har girar ma. Duk wadda ta taɓa kai ɗinki ɗakin nan ta ji kalmar da kunnenta, ta ga gorar da idonta, kawai ba ta haɗa su ba sai da na haɗa mata. Uwar mijin Yaya tana cikin taron. An ce ta ɗauki mayafinta ta fita, ta wuce gidan ɗanta kai tsaye, ta buɗe gorar ta shinshina.

Ba a ba Yaya takardar saki ba tukuna. An ce ta zo gida ta huta. Kin san irin wannan hutun. Aka ɗoro mata kayanta da keken a a-kori-kura, aka sauke a ɗakinki, aka riƙe 'yarta Nana a can wajen kakarta. Nanar da kika bari tana tatata, yanzu shekararta tara. A makaranta yara suna binta suna sosa gira. Ta daina zuwa har tsawon mako uku.

Masu kawo ɗinki suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe yadinsu, wasu ko gaisuwa babu. Wasu kuma sun zo ne don su gani ko da gaske haka take yi.

Ni kuma a daidai lokacin aka kira ni wani taro aka ba ni kambu, wai na wayar da kan al'umma. Na sa leshi, na hau dandamali, na yi jawabi a kan illar shaye-shaye ga mata. Wata baiwar Allah ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce yaya aka yi na san abin haka kamar na zauna da mai yi. Na ce bincike na yi. Ki ji fa, Inna. Bincike.

Wata biyu ban taka Keffi ba. Ina kiran Yaya ba ta ɗauka, ni kuma ina jin sauƙin rashin ɗaukar. Kawu Ɗanladi, ƙaninki, shi ya bugo ya ce in zo, in ba haka ba kar in ƙara kiransa kawu. Ya ce tun da ta dawo shan ya ninku, tunda babu sauran abin ɓoyewa.

Na shiga gidan bayan la'asar da niƙabi, kamar ɓarauniya. Tana zaune a bakin gadonki. Ta rame har zoben hannunta ta mayar da shi babban yatsa. Na zo da dogon jawabin ban haƙuri da na shirya a mota, na durƙusa zan fara, ta ɗaga min hannu. Ta nuna keken, ta ce, “Zauna ki yi min. Kowa ya gani a waya, ni ina so in gani a fili.”

Na roƙe ta da girman Allah, na roƙe ta da darajarki. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ƙi janye hannunta daga nunin. Na zauna a kujerar da kika shekara ashirin kina zama. Na ɗauki zare. Na kuskure kafar allurar da gaske, ba sai da na ƙirƙira ba. Na kwantar da kai, na faɗi maganar, a ɗakinki, a gaban mai ita.

Ta kalle ni har na gama. Sannan ta ce, “Kin iya, wallahi kin iya. Sau nawa kika zauna kina kallona kafin ki haddace ni haka?” Ta ce, “Duk zaman nan, Rabi, zare kika riƙa karɓa a hannuna. Ko sau ɗaya ba ki karɓi gorar ba.”

Na sha zagi a waya iri-iri, an zagi tarbiyyata, an zage ki ma, duk na share. Wannan da aka faɗa min a hankali ita ce ta hana ni cin abinci.

Na ce wa masu fim ɗin ba zan yi kashi na biyu ba. Kar ki ɗauka wani abin kirki na yi, domin na farkon yana nan a wayar kowa, ba ni da ikon goge shi. Sun ce za su sa wata ta ci gaba da zama Uwani, kuma ita ma za ta sosa girar. Su kuma masu leƙen takardar nan ta bayan kafaɗata, da ma za su ji, da na ce duk sanda suka tura bidiyon nan, wata yarinya 'yar shekara tara ce ke biya.

Shekaranjiya Yaya ta yarda a kai ta asibiti. Ba don ni ba. Malam Sabo ne ya aiko cewa in ta kammala magani ƙofarsa a buɗe take, kuma zai kawo mata Nana ta gan ta kafin ta tafi. Ya cika alkawari. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi ƙarasowa, sai da uwar ta kira ta sau uku.

Na ce zan raka ta. Ta ce a'a, duk inda na sa ƙafa sai an ɗaga waya, ita kuma an ɗauke ta ya isa. Gaskiya ta faɗa. Da safen nan Kawu ya zo da mota, na tsaya a cikin zaure inda ba mai ganina daga waje. Ta wuce ta gabana da jakarta, mayafinta ya gogi hannuna. Na ce, “Allah ya ba da lafiya, Yaya.” Ta ce amin, ba ta juyo ba.

Likitan ya gaya wa Kawu cewa wasu suna zama har ƙarshe, wasu suna gudowa, wasu suna warkewa su koma. Ban san wacce za ta zama ba. Ina tsoro, Innata. Ina tsoron wayar Kawu. Ke ce mai shiga tsakaninmu in mun yi faɗa, ki ba kowa laifinta ki haɗa mu cin tuwo a kwano ɗaya, kuma ba kya nan.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa kar a nuna miki abin da na yi sai tare da gyaransa. Allah ya cire wa Yaya son abin nan daga jininta, ya mayar da ita ɗakinta, ya sa Nana ta ruga ta rungume ta ba sai an kira ba. Ina roƙon lafiyarta, ina roƙon yafiyarta. In guda ɗaya za a ba ni, ya Allah, a ba ta lafiyar, ni zan iya jira a zaure.

Wassalam.

Autarki mai laifi,
Rabi