Koren Shayi da Kumburarren Kunci

Baban yara,

Na fita ban tashe ka ba, don da ƙyar ciwon haƙorin nan ya bar ka ka runtsa. Na tafi asibitin haƙori in kama maka layi.

Na sani, mutumin nan na cikin wayarka ya ce koren shayi yana kashe ƙwayoyin cutar baki, yana gyara dasashi. Ban musa ba. Amma na kalli bidiyon har ƙarshe, ban ji inda ya ce a zuba sukari sai cokali ya tsaya da kansa ba. Ban kuma ji inda ya ce a daina goge baki ba. Wannan fatawar taka ce.

Ɗazu auta ta ƙi taɓa burushinta, wai ita ma "maganin Baba" za ta sha. Na leƙa da ita ɗaki ta ga kuncinka, ta ruga ta goge har sau biyu.

In ka tashi, don Allah kada ka ɗora ruwan shayi. Sa riga ka biyo ni. Kuma kada ka yi wa likita lacca.

Af, na gano inda burushinka ya shige. Ashe da shi kake goge butar shayi kullum. Masha Allah, sai sheƙi take yi. Da haƙoranka sun samu rabin wannan gatan, da yanzu ina gida.

Matarka