Na Durƙusa wa Dattijo a Italiya

Zuwa ga Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya yara, ya mutanen Mafara?

Na iso Italiya lafiya, inda kamfanin dam ɗin Bakolori ya turo mu koyon gyaran inji. Ran Lahadi bayan sujada na durƙusa in gaida wani dattijo. Sai ya ƙwala ihu, aka taru aka ɗaga ni, ana yi mini fifita. Wai suma na yi! Yaya, na rasa yadda ake gaida babba a garin nan. Yanzu a tsaye nake gaisuwa, kunya kamar ta kashe ni.

Ki gaida maƙwabcinmu Malam Sani. Ku sa ni a addu'a, kada in dawo in gaishe shi a tsaye.

Ƙanenki,
Bulus