An Kwantar da Ni a Gadon Asibiti Ina Ƙalau

Anti, don Allah ki taimake ni. Maganar nan ban taɓa yi wa kowa ita ba, ko ƙawata. Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare, ki yi haƙuri da rubutuna.

An gina mana ƙaramin asibiti a unguwa, Innata ce mai shara a ciki. Tun da ƙafarta ta kumbura ni nake zuwa a madadinta. Anti, babu likita, babu magani. Gadaje takwas a shimfiɗe, katifun ko lotsawa ba su taɓa yi ba. Na'urori suna cikin ledarsu, amma akwai wata da ke kuka ita kaɗai da rana tsaka. In ina goge ƙasa sai in ji kamar ɗakin yana jiran wani.

Ranar da manya za su zo dubawa daga babban asibiti, mai kula da wurin ya tara mu 'ya'yan maƙwabta ya kwantar. Ya liƙa mini robar ƙarin ruwa da filasta, babu allura, ya ce in yi murmushin mai samun sauƙi. Inna ta roƙa a kwantar da ita ko a dace a duba ta, ya ce ƙafarta za ta ɓata hoto. Aka ɗauke mu hoto. Suna tafiya aka tashe mu, aka mayar da na'urori cikin ledoji.

Watan jiya na raka Inna babban asibitin, mota biyu muka hau. Muna layi tun safe, na ɗaga kai sai ga ni a bango, ƙatuwa, kwance ina murmushi. A ƙasa an rubuta wai lafiya ta isa ga kowa. Har aka tashi ba a zo kanmu ba. Tun ranar ba na son madubi.

Manyan za su dawo dubawa Laraba. In na yi magana Inna za ta rasa aikin, kuma da shi muke ci. Amma na riga na yanke. Zan kwanta yadda aka ce, in sun zo kaina in ɗaga filastar. Inna ba ta sani ba.

Yarinyar Cikin Hoto

'Yata, rubutunki ya fita sarai, kuma ba ki yi laifi ba. Babba ne ya sa ki.

Tsoronki yana kan hanya. Wataƙila shi ma mai kula da wurin kujerarsa yake karewa, gini aka ba shi ba a ba shi ma'aikata ba. Sai dai muddin manya suna ganin gadaje cike, ba za su turo likita ba, don a takardarsu kun warke.

Kada ki ɗaga filastar ke kaɗai. Yarinya ɗaya sauƙin ƙaryatawa gare ta. Yau ki gaya wa Inna, aikinta ne, da bakinta a ciki. Sannan ku sami iyayen sauran yaran. Ranar Laraba kowa ya riƙe ɗansa a gida, masu ciwon gaske su zo su zauna a bakin ƙofa da katinsu a hannu. Ba a korar unguwa guda daga aiki.

Ƙafar nan kuwa ba za ta jira Laraba ba. Ku koma babban asibitin gobe da sassafe, ki nuna wa ma'aikaciyar jinya ta farko da kika gani kumburin, kada kunya ta riƙe miki baki.

Allah ya ba Inna lafiya, ya ƙara miki ƙarfin zuciya.