Kafin a Rufe Shafin Akifumi

Sakata, 26 ga Oktoba

Baban Akifumi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. A nan an gama girbin shinkafa, iskar teku ta fara cizo, gwiwata kuwa ta riga kowa sanin sanyi na tafe.

Ga filashin wannan wata a cikin ambulan, na naɗe shi da tsumma kamar kullum. Shafinmu na intanet na watan Nuwamba ne a ciki. Na ba Aki labarin rasuwar malaminsa na firamare, na kuma sa masa hoton dutsen Chokai da dusar ƙanƙarar farko a kansa. Ka ɗora ranar ɗaya ga wata, kada ka bari sai biyu.

Ina da ƙorafi. Na je ɗakin karatu na gari na buɗe shafin Oktoba, tunda ka san kwamfutata rubutu kawai take yi, ba ta da intanet. Hoton bai fito ba, sai wani ɗan akwati fanko. Shekara goma sha biyar kana wannan aiki, kai da ka yi ritaya daga ofishin ruwa kana alfaharin ba a taɓa mayar maka da takarda ba. Yaro ya buɗe don ya ga fuskar uwarsa, ya tarar da akwati.

Amma lambar nan ta ƙasa mai ƙirga masu shiga ta ƙaru da huɗu. Ɗaya tawa ce. Ukun kuwa ka san wanda nake zato.

Watan gobe shekara goma sha shida ke nan da fitarsa. Yanzu yana da arba'in da ɗaya. Na kasa hango shi da furfura.

Ka riƙa cin abinci mai ɗumi, ba na kwalin shago kullum ba. Ka huta lafiya.

Tamae


Ogaki, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Hirose Tamae-san,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ganyen itatuwan bakin kogi sun fara ja.

Filashi ya iso, kuma an ɗora shafin ranar ɗaya ga wata. Game da hoton Oktoba, laifin ba nawa ba ne. Idan kika adana rubutu daga manhajar Word a matsayin shafin intanet, wata folda tana fitowa a gefensa, a cikinta hotunan suke. Kin aiko shafin, kin bar foldar a gida. Na yi miki wannan bayani a takarda fiye da sau ashirin tun rabuwarmu.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi. Kamfanin da ya ba mu wurin ajiye shafin ya aiko sanarwa cewa zai rufe wannan sashe a ƙarshen Maris. Duk shafukan mutane irin namu za a goge su. Sun ce mai so ya kwashe nasa ya koma wani wuri, amma adireshin zai canja.

Na karanta yadda ake ƙaurar har sau uku, ban gane ba. Gaskiya kuma idona ya tafi. Da madubin ƙara girma nake bin haruffa yanzu. Aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce, wannan karon tun safe har bayan azahar na yi ta fama, domin sau biyar ina kuskuren kalmar sirri. Shekaruna saba'in da huɗu.

Shawarata ita ce mu bar shi ya tafi tare da na sauran mutane. Na gaji, Tamae-san. Ina jin ke ma kin gaji.

Ki kula da gwiwarki. Da girmamawa,

Nogami Katsumi


Sakata, 9 ga Nuwamba

Baban Akifumi,

Ina gaishe ka, don an koya min gaisuwa, ba don wasiƙarka ta cancanta ba.

Wai ka gaji. Ni da nake zama gaban wannan tsohuwar kwamfuta ina laluben haruffa da yatsa biyu, in sa hoto a dama ya yi tsalle ya koma hagu, in gyara layi ɗaya uku su wargaje, ni ban ce na gaji ba sai kai? Shekara ashirin da shida na yi ina dafa wa yara ɗari huɗu abinci a makaranta, ban taɓa sanin akwai abin da ya fi wanke tukunyar miya wahala ba sai da na haɗu da tsara shafi a Word.

Kai ka fara wannan abu, ka tuna. Kai ka shiga ajin koyon kwamfuta na unguwa bayan 'yan sanda sun ce mana babban mutum ne, da ƙafarsa ya fita, ba abin da za su iya. Ka dawo kana cewa ko a ina yake, wata rana zai rubuta sunansa a intanet ya ga abin da zai fito. Ranar ce kaɗai a waccan shekarar na ga kamar ka san abin da ka aikata.

Don kada ka ce ka manta, bari in tuna maka. Yaron nan aikin maɗaba'a ya cinye shi, ya ajiye, ya dawo gida ya yi wata huɗu a ɗaki ba ya iya haɗa ido da kowa. Kai kuma ka tsaya masa a bakin ƙofa ka ce, “In ba ka da wurin zuwa da safe, kada ka nemi wurin dawowa da yamma.” Washegari babu shi, babu jakarsa.

Yanzu yana shiga sau uku kowane wata yana karanta mu, kai kuma kana so ka sake rufe masa ƙofa. Ka nemi wanda zai yi mana ƙaurar. In adireshi ya canja, a rubuta sabon a tsohon kafin a goge.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Tamae


Ogaki, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga Hirose Tamae-san,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Na jinkirta amsa domin na rubuta wannan takarda sau huɗu ina yagawa.

Ban manta abin da na faɗa ba. Ba a yi kwana ɗaya na manta ba.

Amma dole in gaya miki abin da ya kamata in faɗa tuntuni. Ukun nan da kike gani ni ne. Idan na ɗora shafi, ina buɗe shi nan take in ga ko ya hau. Da yamma in sake buɗewa in tabbatar haruffa ba su rikiɗe sun zama shirme ba. Washegari kafin ki je ɗakin karatu in duba na uku. Na ajiye lissafin lambar a littafi tun shekarar farko. A shekaru biyun farko akwai baƙi, maƙwabta da tsofaffin abokan aikinsa. Daga baya suka yi ta raguwa. Shekara tara ke nan ba wanda ya shiga sai ni da ke.

Duk lokacin da kika rubuto kina murna da lambar, sai in ce wata mai zuwa zan faɗa miki. Ban iya ba.

Ban canja makullin gidan nan ba, kuma ba zan canja ba muddin ina raye. Iyakar abin da ya rage a hannuna ke nan.

Ki gafarce ni. Da girmamawa,

Nogami Katsumi


Sakata, 27 ga Nuwamba

Katsumi-san,

Gaisuwa. Ƙanƙara ta sauko gari jiya, na share bakin ƙofa sau biyu kafin in haƙura.

Ka ɗauka wawiya ka aura? Shekara talatin da biyu na zauna da mutumin da ke komawa daga bakin titi sau uku ya duba ko an kashe gas. Tun shekarar da lambar ta tsaya a kan huɗu, ba ta taɓa zama biyar ko uku ba, na san hannun wa ke ciki. Aki bai taɓa yin abu ɗaya a kan lokaci ba a rayuwarsa, ta yaya zai zama agogo don ya bar gida?

Na sani, na yi shiru. Ina bukatar in tashi da safe in ce yau zan ɗauki hoton da zan nuna masa. Kai kuma da ka yi shirunka da mun ƙarasa a haka. Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, ba don labarin sabo ne ba, sai don yanzu ba ni da inda zan ɓuya.

To, na yarda. Kada a yi ƙaura. Ni ma na gaji, tunda kana so ka ji na faɗa. Wani watan ina zama awa guda ban san me zan gaya masa ba, sai in ba shi labarin farashin kabeji.

Amma da sharaɗi. Ba filashi a ambulan ɗin nan, kada ka yi ta girgiza shi. Shafuka ɗari da tamanin da wani abu na rubuta, kai ba ka sa ko harafi ɗaya ba, aikinka ɗorawa kawai kamar ɗan dako. Na ƙarshen kai za ka rubuta. Ko ba mai karantawa, ni zan karanta.

Ka sa safa biyu. Ka huta lafiya.

Tamae


Sakata, 28 ga Janairu

Katsumi-san,

Barka da sabuwar shekara, duk da katinka bai zo ba, karo na farko tun da muka rabu.

Na je ɗakin karatu ɗaya ga Disamba, na koma ranar da suka buɗe bayan hutu, na koma jiya. Har yanzu dutsen Chokai ne a shafin. Na buga wayar gida sau shida, ba a ɗauka ba. Matar da ke kula da kwamfutocin ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata wani tsoho ne ke min taurin kai.

In fushi kake, ka yi fushin a takarda. In sharaɗin ne ya fi ƙarfinka, na janye, zan aiko nawa. Ba zan iya jiran mutum biyu ba, Katsumi-san. Ɗaya ma ya ishe ni.

Ina sauraron amsarka.

Tamae


Ogaki, 21 ga Fabrairu

Tamae-san,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Ki yi haƙuri da girman rubutun, haka likita ya ce in riƙa yi.

Ba fushi ba ne. A farkon Disamba na rasa matakala ta ƙarshe a tashar jirgi domin ban gan ta ba, na karya ƙugu. Sati tara na yi a asibiti, suka haɗa da yi min aiki a idon dama. Na hagun sai Afrilu. Na tarar da wasiƙarki a ƙarƙashin tarin takardun talla.

Na rubuta shafin. Kwana goma sha ɗaya ya ɗauke ni. Na farko ya kai shafi shida, na bayyana yadda mahaifina ya rene ni da yadda aiki yake a zamaninmu. Da na karanta sai na ga ba wasiƙa ba ce, takardar kare kai ce irin wadda muke rubuta wa shugaban sashe idan bututu ya fashe. Na goge. Ga abin da ya rage, domin kada ki taka ƙanƙara da wannan gwiwa:

“Akifumi, mahaifinka ne. Abin da na faɗa maka a bakin ƙofa kuskure ne. Ba ka da lafiya a lokacin, ni kuma na kira shi lalaci. Ba sai kana da wurin zuwa da safe ba. Ba sai ka yi wa kowa bayani ba. In ba ka son ganina, mahaifiyarka tana Sakata, ga adireshinta da lambarta a ƙasa. Ita ce ta rubuta duk sauran shafukan nan.”

Ban sa hoto ba, ban sa launi ba. Na ɗora shi jiya da safe, ya hau a karo na biyu. Zai zauna kwana talatin da tara kafin a goge. Na kuma kwafe dukan shafukanki tun daga na farko, na buga su a takarda a shagon kusa da tasha. Sun cika akwatin takalmi biyu. Ki faɗa min ko in aiko, ko in ajiye su a ɗakinsa.

Da girmamawa da godiya,

Katsumi


Sakata, 2 ga Afrilu

Katsumi-san,

Gaisuwa. Ƙanƙara ta narke, gari duk taɓo.

Na taka na je na karanta da idona tun a Fabrairu. Ka yi kuskure a lambar gidana, ka sa sha bakwai maimakon saba'in da ɗaya. Na je na gabatar da kaina ga mutanen gida mai lamba sha bakwai, na kai musu kwalin alewa, na roƙe su in wani mutum ya zo neman Hirose su nuna masa hanya. Ban gaya maka ba don kada ka sake kwana uku kana gyara.

Ba wanda ya zo. Wayar ma ba ta yi ƙara ba.

Jiya na buɗe adireshin, sai farin shafi da godiyar kamfani ga abokan hulɗa. Na ɗan zauna, sannan na ba mai jiran layi kujera na dawo gida.

Takardun ka ajiye a ɗakinsa.

Ka rubuto min ranar aikin idon hagu da sunan asibitin. Ba za ka iya hawa jirgi da ido a ɗaure da sanda a hannu ba, kuma na san ba ka gaya wa kowa ba. Zan zo da safa da abincin kwana uku. Kada ka share gida saboda ni.

Ka huta lafiya.

Tamae