Abin Da Ya Rage A Hannun Baba

Zariya, 14 ga Yuni, 1999

Yaya Irene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da maigida, da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya hutawa.

Kin tambaye ni yadda karatun zane yake. Yaya, zangon nan na sha kashi. An ba mu yumɓu, na gina mace ɗauke da tulu, ta fashe wajen gasawa a wuta, kai daban, tulu daban. Na koma rini, ƙyallen bai kama launi ba, hannuna ne ya kama, sati biyu ina yawo da shi shuɗi. Sassaƙa kuwa, ni na fi itacen jin ciwo. Malaminmu ya ce na iya aiki, amma har yanzu ban sami abin da nake son faɗa ba. Maganar ta ƙona min rai, don gaskiya ce.

Ga abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Lokacin hutun Ista, wata rana da la'asar Baba ya dawo daga masaƙa yana gyangyaɗi a kujera, sai hannunsa na dama ya zame daga aljihu ya kwanta kan gwiwarsa. Kin san tun da inji ya cire masa yatsu uku ba ya barin kowa ya kalle shi. Na ɗauko gawayi a murhun Mama na zana shi a bayan kalanda. Da na dawo makaranta na sake shi a babbar takarda. Malam ya daɗe tsaye a gabansa yana kallo. An zaɓi zanen cikin ayyukan ɗalibai da za a nuna a wani zaure a cikin garin Kaduna wata mai zuwa. Na sa masa suna "Wahalar Talaka".

Yanzu ga roƙona. A aikina na ƙarshe ina so in ɗauki siffar hannun da garin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Wannan kuwa ba ya yiwuwa mutum yana barci. Ki ɗan lallaɓa min shi, ke yake jin maganarki. Zancen zanen gawayi dai ki riƙe a cikinki.

Ƙanwarki,
Hadassah

Unguwar Television, Kaduna, 19 ga Yuli, 1999

Hadassah,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Gaisuwar ta isa haka, don ina da faɗa.

Cikina ya riƙe, amma na Maman Benson ta zumuntar mata bai riƙe ba. Ta je zauren nan, ta ga sunanki, ta gane hannun. Ranar Lahadi a bakin majami'a ta tare Baba tana yi masa barka. Ranar Litinin ya sa kayansa na zuwa coci, ya hau bas ya ƙetare gada zuwa zauren shi kaɗai. Ya dawo bai taɓa tuwo ba. Tun da sojoji suka koma bariki kowa a Kakuri ya zama mai baki, amma tsohonki ya ɗinke nasa. Mama ta ambaci sunanki, ya tashi ya fita waje.

Ke ma dai! Mutumin da ko gaisawa yake yi da hagu, yana ba da haƙuri, shi kika rataya a bango duniya ta kalla? Ni ba zan lallaɓa miki kowa ba. Kina da biro.

Allah ya shirye ki, ya kuma tsare ki.

Yayarki,
Irene

Zariya, 24 ga Yuli, 1999

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mama. Ubangiji ya ƙara muku lafiya.

Na yi laifi. Na zana hannunka kana barci, na kai shi bainar jama'a ban nemi izininka ba. Ba ni da hujja, kuma kunya ta ishe ni. Na roƙi malaminmu a sauke zanen, idan ka ce in ƙone shi zan ƙone.

Abu ɗaya nake so ka sani. Ina shekara tara abin ya faru. Tun daga ranar, duk inda za mu je da hagu kake riƙe ni. Na girma ina kewar hannun da ke cikin aljihunka, ban san yadda zan faɗa maka ba. Ranar da na gan shi a fili ban yi tunanin makaranta ba, kallonsa kawai nake so in yi kafin ka farka.

Na yi niyyar roƙonka ka bari in ɗauki siffarsa da filasta don aikina na ƙarshe. Na janye. Zan nemi wani abu. Ka yafe mini, Baba.

'Yarka,
Hadassah

Kakuri, 8 ga Agusta, 1999

Zuwa ga 'yata Hadassah,

Bayan gaisuwa cikin sunan Almasihu, takardarki ta same ni. Na jinkirta amsa domin ina so fushi ya sauka tukuna.

Kada ki ƙone komai. Na je na gani, zanen daidai yake, har tabon ɗinkin ba ki manta ba. Da na fara ganinsa daɗi na ji, na ce ashe yarinyar nan ba wasa take yi a Zariya ba.

Sai na karanta abin da kika rubuta a ƙasa. Ina tsaye, wani cikin sababbin 'yan siyasar nan ya zo da babbar riga da mutane a bayansa. Ya karanta, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, irin waɗannan muka zo mu taimaka." Ina gefensa, hannuna a aljihu. Raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba.

Kin ɗauka kunya ce take sa ni ɓoye shi. Ba ita ba ce. "Allah sarki" ɗin nan nake gudu. Shekara goma sha uku ina guje mata, sai ga 'yata ta rubuta ta a bango da manyan baƙaƙe.

Kin san abin da yatsu biyun nan suke yi? Idan zare ya tsinke a inji, da babban yatsa da manuni nake ƙulla shi, kuma har yau masu yatsu goma ba sa riga ni. Sababbin ma'aikata wurina ake turo su koyo. Ke kin zana abin da ya tafi, ba ki tambaye ni abin da ya rage ba.

Na yafe miki, wannan ya wuce. Wannan garin filastar da kika ambata, yana da zafi? Minti nawa mutum zai zauna? Tambaya ce kawai.

Mahaifinki,
Yakubu

Zariya, 13 ga Agusta, 1999

Baba,

Ina gaisuwa, na kuma gode. Na karanta takardarka sau uku, na yi kuka, sannan na je na cire sunan nan da hannuna.

Ana fara shafa wa hannu mai don kada gashi ya kama. Ana yin tafi tukuna, sannan baya. Yana ɗumi kaɗan idan ya fara bushewa, kamar ka riƙe kofin shayi. Minti ashirin kowane gefe, mutum ba ya motsi.

Idan ka yarda, ba a kwance zan ɗauke shi ba. Kai za ka nuna min yadda yake tsayawa lokacin ƙulla zare, kai kuma za ka faɗi abin da za a rubuta. Idan ba ka yarda ba, ina so dai ka koya min ƙullin.

'Yarka,
Hadassah

Kakuri, 22 ga Agusta, 1999

Hadassah,

Muna lafiya. Ki zo ranar Asabar da safe. Abin da za a rubuta shi ne sunan mutum da shekarunsa a bakin inji, kada ki ƙara ko kalma ɗaya.

Na yi zancen a ƙofar masaƙa lokacin tashi daga aiki. Na ɗauka dariya za a yi min. Sai Samuel na sashen kaɗi ya fito da nasa hannun daga aljihu. Shekara tara muna gaisawa, ban taɓa gani ba.

Ki sayo garin da yawa. Mu bakwai ne.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki,
Yakubu