Wayata Ta Daina Gane Yatsana

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Ya jikin Inna? Ƙafar ta sake ta? Ni lafiya lau. Wankin kwanuka a otel ba wuya, sai dai ruwan zafi da sabulu sun ɗan cinye min fatar hannu. Kar ki gaya wa Inna.

Kin ji ni shiru sati uku. Wayar ce ta daina gane babban yatsana, wai sai na sa lambar sirri. Ni kuwa tun ranar da kika saita min ita a tasha ban ƙara bi ta kanta ba.

'Yar ɗakinmu ta matsa, ta kai ni wurin wani mai gyara. Ya ce, "Ki bar ta kwana uku, ki rubuto min ranar haihuwarki da sunan mahaifiyarki." Ina ruwan gyaran waya da sunan Inna? Na ga sun ƙyafta wa juna ido, na fizge abata. Ya ce to sai dai a goge komai. Da muryar marigayi Baba a ciki? Allah ya kiyaye!

Don Allah ki rubuto min lambar, ki liƙe ambulan da hannunki. In wani saƙo ya shigo wayarki da sunana, kar ki amsa. Waya ta kasa gane yatsana, amma ke kin san rubutuna.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Auta